Hannun Sauda

Duk mai cewa wankin leda ba aiki ba ne, ya zo Sharaɗa ya tsoma hannu a kwaminmu ko na yini ɗaya ne. Kamfanin da muke yi wa aiki tsofaffin ledoji yake saye, na fiyawata da na shinkafa da duk tarkacen da aka tsinto a bola, a narka su a yi bokitai da butoci. Kafin su shiga inji sai sun bi ta hannunmu, mu matan sashen wanki. Ruwa ne da omo da soda tun safe har la'asar. Ana ba mu safar hannu, ba zan yi musu ƙarya ba, amma kafin sati ya zagayo waya ko gwangwani ya huda ta, ruwa ya shige ya zauna a ciki, gara ma babu. Ni Ma'u na fi kowa mita a wurin. Sauda kuwa, wadda kwaminta ke jikin nawa, ban taɓa jin ta ce uffan ba. Gidan haya ɗaya muke a Ɗorayi, ɗakinta yana kallon nawa. Mijinta ya rasu tun 'yarta Firdausi tana firamare, kuma da wannan aikin ta raine ta har ta kai ta ɗakin miji.

Kamilu, mijin Firdausi, direban babbar mota ne a wani sito da ke Bompai, yaro mai hankali. Uwarsa, Hajiya Aina'u, a Hotoro take, gida mai get da famfo a tsakar gida. Da cikin Firdausi ya tsufa aka zo maganar wankan gida, sai Hajiya ta ce ita ba ta ga dalili ba. Gidan haya, banɗaki ɗaya ga mutum goma sha, uwa kuma kullum tana kamfani, wa zai kula da mai jego? In za a faɗi gaskiya, maganarta ba ta kauce hanya ba, amma ni tun daga ranar na ɗauki karan tsana na ɗora mata. Sauda ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta yi wa 'yarta wankan haihuwar fari a ɗakinta, kamar yadda uwarta ta yi mata a ƙauyensu. Ta yi ta sintiri Hotoro tana ba da haƙuri kamar mai laifi, har Hajiya ta sauko. Amma ta gindaya sharaɗi: ranar da ta ga abin da bai yi mata ba a jikin yaro ko uwarsa, ranar za su dawo gida.

Aka haifi namiji, aka sa masa Sadiq, bayan suna aka kawo su Ɗorayi. Ban taɓa ganin Sauda haka ba. Kafin assalatu ta hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi wa Firdausi wanka, ta dama kunun kanwa, sannan ta zauna a kujera 'yar tsugunne ta miƙe ƙafa ta ɗora yaron ta wanke shi tsaf, tana yi masa tsiya irin ta kaka da jika.

"Kai ango, ko sabulu ba ka saya min ba, amma ka fi kowa iya miƙa ƙafa. Wannan miji nawa an yi malalaci."

Daga nan mu fita aiki, mu dawo da la'asar ta sake sabon zagaye. A kwami sai ta dinga murmushi ita kaɗai. Firdausi 'yar fari ce a wurin Sauda, Sadiq kuma ɗan fari ne a wurin Firdausi, sai kunya biyu ta haɗu a ɗaki ɗaya. Uwar ba ta kiran sunan 'yar, 'yar kuma ba ta yarda a gan ta tana ƙura wa ɗanta ido. In ya yi kuka ta ba shi nono tana kallon bango, in ya ƙoshi ta miƙa wa uwarta. Komai na yaron a hannun Sauda yake.

Hannun nan kuwa ba lafiya gare shi ba, kuma na sani. Kusan dukkanmu a sashen wanki muna da cin ruwa a tsakanin yatsu, amma na Sauda ya wuce nan. Gindin farcen manuniyarta ta dama da na yatsar da ke kusa sun kumbura sun yi ja, 'yar fatar nan da ke rufe gindin farce ta cinye, in ta matsa sai wani abu fari ya ɗan fito. Wasu suka ce karkare ne, wasu suka ce soda ce. Ana saura kwanaki a yi suna, Sauda ta ƙunsa lalle, ta maimaita har ya yi duhu. Ta ce lalle yana busar da ciwo. Ban sani ba ko ya busar, amma ya rufe shi daga idon mutane, har matan Hotoro suna yaba yadda ya kama.

Duk Juma'a Hajiya Aina'u tana zuwa da kular farfesu. Tana zama za ta karɓi yaron ta buɗe shi, ta duba cibiya, ta duba wuya, ta leƙa bayan kunne, kamar mai sayen akuya. A zuwanta na biyu yaron ya yi hamma, ta ga wani fari-fari a harshensa.

"Maman Firdausi, ba a goge masa baki ne in ya sha nono?"

A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba. Amma ina tsaye a bakin ƙofa na ga yadda maganar ta shiga Sauda. Mace ce da za ka iya cin tuwo a tsakar ɗakinta don tsabta, a ce a hannunta aka ga ƙazanta a bakin jika. Ta ce, "Za a kula, Hajiya," ta sunkuyar da kai.

Daga ranar ta ƙara wa kanta aiki. Safe da yamma ta naɗe manuniyar nan da farin tsumma, ta tsoma a ruwan ɗumi, ta zura a bakin yaron ta goge. Farin ya ƙi fita, sai ma ya yaɗu zuwa cikin kumatunsa da dasashinsa. Ita kuma da ta ga ya ƙaru sai ta ƙara ƙarfi. Yaron da a da in ya kama nono sai an ƙwace, ya koma ya kama ya saki ya tsala ihu. Firdausi ma na lura in tana ba shi sai ta cije leɓe, hawaye ya taru mata, amma ko da wasa ba ta ce wa uwarta kan nononta yana mata zafi ba. Ina za ta iya wannan maganar da Umma?

Wata Laraba da yamma na shiga aron ashana na tarar ana wannan gugar. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Da Sauda ta zaro yatsa na ga ja a jikin tsumman, kuma ba na lalle ba.

Na ce, "Sauda, wannan fa jini ne."

"Ɗan kaɗan ne. Nonon ne ya kama, sai an dage."

"Nonon wace irin mata ne yake kama harshe kamar ƙanzo a tukunya? Ki dubi yaron nan, wuyansa har ya fara fitowa."

"Ki rufa min asiri, Ma'u. Jibi Juma'a. In ta zo ta gan shi haka, tafiya za ta yi da su."

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, kuma haushin ya fi saurin zuwa bakina. Na ce ko gobe da sassafe ta ɗauko mayafi mu je asibiti, ko ni da kaina in kira Kamilu a waya, ta zaɓa. Ta kalle ni kamar ba ta taɓa sanina ba. Washegari dai muka aika wa shugaban sashenmu cewa za mu makara, muka tafi asibitin unguwa mu uku da yaron.

Nas ɗin da muka samu sunanta Hafsat, ba za ta girmi Firdausi da yawa ba. Ta haska bakin yaron da 'yar tocila, ta taɓa farin da auduga a hankali, sannan ta tambayi wanda yake goge masa. Sauda ta ce ita ce, cikin muryar mai jiran a yaba mata.

"Mama, sannu da ƙoƙari, amma daga yau a daina. Wannan ba nono ba ne. Nono ko da ɗan yatsa kika shafa zai tafi. Wannan abu ne mai rai, dangin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, sai dai ido ba ya ganin ƙwayarsa sai sun taru da yawa."

Sauda ta ce, "To in mai rai ne ba sai a kankare shi ba?"

"Ai ba zaune yake a sama kawai ba. Jikin kowace ƙwaya akwai wani abu mai danƙo da take kama fata da shi. In ta kama ta zauna daram, sai ta fitar da wasu siraran zare kamar saiwa, su kutsa cikin fatar. Daga nan su hayayyafa su yi wa kansu rufi, ruwa ya bi ta kansu ya wuce. Shi ya sa in kin goge da ƙarfi, da fatar yaron kike tahowa. Wurin da ya saluɓe kuma ya fi musu daɗin kamawa fiye da lafiyayyen."

Nas ɗin ta juya ga Firdausi ta tambaye ta nononta, yarinyar ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai. Aka shiga da ita bayan labule aka duba, aka ce ita ma ya kama ta, tana ba yaron yana ba ta, dole a yi musu magani tare. Na ɗauka an gama, har na fara naɗe zanen goyo, sai nas ɗin ta ce, "Mama, mu ga hannunki."

Sauda ta miƙa na hagu. Nas ɗin ta yi murmushi ta ce ɗayan. Ta riƙe manuniyar ta juya ta a haske, ta ɗan danna gindin farcen, Sauda ta ja numfashi ta haƙora. Ta tambayi aikin da take yi, na riga ta amsawa, har da ƙari a kan safar hannun kamfani.

Nas ɗin ta ce, "Irin wannan ƙwayar tana son nan ma. Busasshiyar fata mai lafiya ba ta ba ta wurin riƙewa. Amma wadda ta wuni a ruwa ta yi laushi, soda ta cinye murfin farcen, ƙofa ce a buɗe. Ta shiga ƙarƙashi ta manne inda sabulu ba ya kaiwa."

Da Sauda ta buɗe baki, da ƙyar na ji ta.

"Ni na sa masa ke nan."

"Ban ce haka ba, Mama, kuma ba zan ce ba, don ban sani ba. Jarirai da yawa suna samunsa tun wurin haihuwa, a gidan masu kuɗi da na talakawa. Abin da na sani shi ne, yatsan nan ba zai ƙara shiga bakinsa ba. Kuma hannun nan yana buƙatar ya huta da ruwa, na kamfani da na wanka duka, in ba haka ba maganin ɓarna ne."

"Har yaushe?"

"Bakin yaro zai washe nan kusa in sha Allahu. Farce kuwa ba ya gaggawa, sai a yi watanni kafin murfin ya dawo."

Watanni. Ko ban yi lissafi ba na san kafin nan an yi arba'in an gama, an mayar da mai jego ɗakinta. Na ce ni zan dinga yi wa yaron wankan. Nas ɗin ta ce in kawo nawa hannun, ta buɗe tsakanin yatsuna, ta kalle ni, ta rubuta min nawa man shafawar. Ban ƙara magana ba har muka fito.

A kamfani Sauda ta roƙi shugaban sashe ya mayar da ita wurin ware leda, inda babu ruwa, ya yarda na ɗan lokaci. Juma'ar nan Allah ya taimake ta, Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa ba ta zo ba. Ana ɗiga wa yaron magani, Firdausi tana shafa nata, har ya fara kama nono yana ɗan jimawa. Sauran matan gidan duk masu fita ne da asuba, wannan kamfanin alawa, waccan talla, babu wadda za a ɗora wa wankan jariri safe da yamma. Firdausi kuwa ko riƙe shi a ruwa ba ta iya ba. Sai Sauda ta yi dabara irin tamu ta 'yan leda. Ta zura hannuwanta a farar leda, ta sa na ɗaure mata a wuyan hannu da kyauro, ta ce ai yanzu ba ta taɓa ruwa ba, ba ta taɓa yaro ba. Ni ma na ga kamar dabara ce, har na yaba mata.

Kwana biyu abin ya tafi. A rana ta uku da safe ina shara a tsakar gida, ta saɓa masa sabulu ta ɗaga shi za ta juya bayansa. Leda da kumfa, ga jariri yana wutsil-wutsil. Sai kawai ya sulluɓe. Na ga kansa ya nufi bakin bahon ƙarfe, Firdausi ta ƙwalla ƙara, Sauda ta kai gwiwa da damtse ta tare shi a cinyarta, ruwa ya watsu ko'ina. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ya yi kukansa na tsoro ya yi shiru. Amma Sauda ta kasa tashi daga kujerar. Firdausi ta manta da wata kunya ta fizge ɗanta ta rungume, ita kuma uwar tana zaune da hannuwa a cikin leda, ruwa ya taru a ciki yana ɗiga ta gwiwar hannu.

Ta ce, "Kwance min, Ma'u."

Na kwance. Ta shanya hannuwan a cinya tana kallonsu.

"In mun tashi aiki yau za ki raka ni Hotoro."

Na ce ta yi hauka ne? Yaro yana samun sauƙi, Hajiya ba ta san komai ba, a lallaɓa mana, ni zan riƙe shi ita ta zuba ruwa. Na kawo dabara ta kai biyar. Ta bar ni na gama, ta ce, "Saboda kada a raba ni da shi na sa masa jini a baki. Yau kuma saura ƙiris in fasa masa kai. Me kike so in jira in gani?"

A Hotoro Hajiya ta nuna mana kujera, Sauda ta zauna a kan dadduma. Bayan gaisuwa ba ta yi wani kewaye-kewaye ba. Ta faɗi farin bakin, ta faɗi gugar, ta faɗi abin da nas ta ce, har da ledar da abin da ya faru da safe, wanda ni da a ce ni ce, kabari ne kawai zai ji shi. Sannan ta miƙa hannuwanta biyu.

"Ga su nan, Hajiya. Lalle ne ya rufe muku. Ku zo ku ɗauki yaron da uwarsa, ku kuna da masu taimaka muku."

Na gyara zama ina jiran Hajiya ta ce dama ta faɗa, don na riga na tanadi amsa. Sai matar nan ta sauko daga kujera ta kama hannun Sauda ta juya shi. Ko yatsina fuska ba ta yi ba, ni kuwa na so ta yi don in sami abin riƙewa.

"Da wannan kike shiga tafasasshen ruwa safe da yamma?" Sannan ta ce, "Maganar da na yi ce ta sa kika dinga goge masa, ko?"

Sauda ta kau da kai. Hajiya ta ce to ta tattaro ta dawo Hotoro ta zauna da su har a yi arba'in, ga ɗaki nan. Sauda ta yi godiya ta ce ina, ga aiki a Sharaɗa, kuma ina ita ina kwana gidan surukai tana zaune ana zuba mata abinci. Hajiya ba ta matsa ba, don ita ma ta san ba mai yiwuwa ba ne. Na fito gidan nan da haushina a ciki ban sami wanda zan sauke wa ba.

Washegari da hantsi suka zo da adaidaita sahu, Hajiya da Kamilu. Lungunmu ba ya shiguwa, sai suka bar shi a bakin titi. Kamilu ya kwashi kaya, Firdausi tana kuka a fili, ba ta damu da wanda ke kallo ba. Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki yaron daga kan katifa, sai Sauda ta ce, "Hajiya, ku bari in kai muku shi titi."

Duk muka kalli hannunta, ita ma ta kalla. Sai ta juya baya ta sunkuya, ta ce da 'yarta, "Ke, ɗora min shi." Firdausi ta ɗora shi, ta tallafe kansa, ta yafa zane, Sauda ta ja bakin zanen ta ɗaure a ƙirji, na ƙara mata majanyi.

Daga gidanmu zuwa titi ba nisa, amma Sauda ba ta bi ta lungun da muke bi kullum ba. Ta zaga ta bayan masallaci, ta bi ta wurin masu niƙa, tana tafiya a hankali tana jijjiga shi, muna biye da ita. Mai adaidaita yana ta danna hon, Kamilu ya buɗe baki zai yi magana, uwarsa ta harare shi ya rufe. Ina jin Sauda tana magana ƙasa-ƙasa.

"To ango, yau ka sake ni ke nan. Ka tafi gidan masu famfo. Ka dai dinga shan nono da kyau, ka ji ko?"

A bakin titi ta sunkuya, ta sassauta zanen, Hajiya ta zare shi daga bayanta yana barci. Suka shiga, mai adaidaita ya ja. Ni dai kuka nake wiwi a gaban masu shago, ban ji kunyar kowa ba. Sauda ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har suka sha kwana, sannan ta ja zanen goyon ta sake ɗaure shi a ƙirji tamau, babu komai a ciki. A haka muka koma gida, ni kuma ban ce ta kwance ba.